Ciwon ƙashi ga mai shan maganin karya-garkuwa: maɗori, kemis, janar ko babban asibiti?

Akwai wani manomin shinkafa da ke karɓar maganinsa na HIV a wurinmu duk bayan wata uku. Ranar wata Talata ya shigo yana ɗingishi, ya ɗaure ƙwaurinsa da tsumman atamfa. Na ce, "Baba, lafiya ƙafar?" Ya ce, "Malam, ba komi ba na, sanyin fadama na." Na roƙe shi ya kwance mu gani. Ƙarƙashin tsumman akwai 'yar ƙofa wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, tana tsattsafo da mugunya, fatar gefenta ta yi baƙi ta manne da ƙashi. Wata takwas ke nan, in ji shi: ta toshe, ta kumbura, ta fashe, ya ji sauƙi, ta sake toshewa. A tsakanin nan ya je wurin maɗori sau biyu, wanzami ya yi masa sakiya, kafso ɗin kemis kuwa bai san adadin da ya sha ba. Mu da muke ba shi maganin HIV mu ne na ƙarshen gani, kuma da laifinmu a ciki: mukan duba kati, mu ƙirga ƙwaya, mu sallami mutum ba mu kalli tafiyarsa ba.

Tun daga ranar nake tambayar duk wanda na ga yana jan ƙafa, kuma na lura tambayar da ke cin ransu ɗaya ce: ina zan kai ciwon nan? Wurare biyar mutanenmu na Kebbi da Zamfara ke zuwa. Kafin a auna su, sai an san abin da ke cikin ƙashin, domin ciwo uku ne muke haɗawa mu kira sanyin ƙashi.

Ciwo uku, suna ɗaya

Na farko mugunya ce a cikin gaɓa, galibi gwiwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu gaɓar ta kumbura, ta ɗau zafi, ko taɓa ta ba a so, ga zazzaɓi. Wannan ba ya jira. Mugunyar tana iya cinye guringuntsin gaɓa cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsi in ya tafi ba ya dawowa.

Na biyu mugunya ce a cikin ƙashin kansa, irin ta Baba. Ƙwayar cutar kan biyo jini, ko ta shiga ta rauni: haɗarin kabu-kabu da ƙashi ya fito waje, harbin bindiga wanda ya yawaita a ƙauyukanmu, ko ƙarfen da aka sa a wata tsohuwar karaya. Wadda ta fi kawo shi ita ce sitaf, sai salmonela ga masu sikila da masu raunin garkuwa. In ya daɗe, wani yanki na ƙashin yakan mutu ya zauna a ciki kamar tsakuwa a takalmi. Jini ba ya kai wa ga mataccen ƙashi, saboda haka magani ma ba ya kai masa, komai tsadarsa. Wannan shi ne sirrin ƙofar da ke toshewa tana buɗewa.

Na uku tarin fuka ne, wato tibi, amma ba a huhu ba. Kusan rabin tibin ƙashi a gadon baya yake zama, sauran a ƙugu, gwiwa da makamantansu. A hankali yake tafiya: ciwon baya na watanni wanda kwanciya ba ta rage shi, rama, gumin dare, wani lokaci ƙurji mara zafi ya ɓullo a kwiɓi ko saman cinya. Sau da yawa ko tari babu. In an bar shi, ƙasusuwan baya su rufta, doro ya fito, laka ta matsu, ƙafafu su fara mutuwa. Mai HIV ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tibi fiye da ninki goma, shi ya sa ciwon bayan da ya wuce wata guda a wurin mutanenmu ba abin shafa man zafi ba ne.

Wanda ke shan maganinsa kan kari, ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, yawanci ciwon ƙashinsa irin na kowa ne. Wanda ya bar magani, ko CD4 ɗinsa, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, ya sauka ƙasa da 200, shi ne tibi da salmonela da wasu baƙin ƙwayoyi suka fi samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma masu kama da waɗannan: mutuwar kan ƙashin cinya, wadda babu ƙwayar cuta a cikinta sam amma tana yawan samun masu HIV da masu sikila da masu shan deksa, ƙwayar kashe zafin nan ta kemis; da bakkale, wadda makiyaya suka sani a shanu, take kama bayan mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mahaifar dabba. Ido kaɗai ba ya rarrabe su.

Da me za a auna?

Babban ma'auni, wanda ya rinjayi sauran a wurina: shin wurin zai iya faɗa maka sunan abin da ke cin ƙashin? Maganin sitaf mako huɗu zuwa shida ne. Maganin tibin ƙashi a tsarin Najeriya wata 12 ne, wata biyu da magunguna huɗu, wata goma da biyu. Mutuwar kan ƙashi kuwa ba ta jin ko ɗaya. Wanda ya ba ka magani bai san wanne ba ne, caca ya yi da ƙafarka.

Na biyu, zai iya fitar da mugunya da mataccen ƙashi cikin tsafta? Na uku, za ka iya gaya masa kana shan TLD, wato ƙwayar maganin HIV mai haɗa magunguna uku, kuma in ka gaya masa ya san me zai yi da labarin? Sai kuɗi, amma kuɗin duka, daga ranar farko har ranar da za ka koma gona: mota, abincin majinyaci, kwanakin da ba a yi aiki ba. Sai ɗorewar waraka, sai sauƙin kai wa ga wurin, wanda a yau ya haɗa da lafiyar hanya. Na bar sirri a ƙarshe, ko da yake na san a zuciyar mai ciwo shi ne na farko, kuma shi ne ke tura yawancin mutane wurin da ba za a tambaye su komai ba.

Maɗori da wanzami

Ba zan zagi maɗori ba. Yana kusa, ya san mahaifinka, ba ya neman kati, yana karɓar abin da ya samu, ko kaza ko tiyar gero, ya jira ka har kaka. Ba wanda zai gan ka a ƙofarsa ya yi wani zato. A sauƙi da sirri da kuɗin ranar farko, babu mai kamo shi.

Matsalar ita ce sana'arsa ta haɗa ƙashin da ya rabu ce, ciwon da muke magana kuwa ruɓa ce daga ciki. Hannu ba ya jin bambancin sitaf da tibi. Kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu HIV a Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne cikin ɗari, ƙasa da kashi 1.4 na Najeriya baki ɗaya, don haka maɗori bai saba kawo zancen a ransa ba, kai kuma ba za ka faɗa ba. Zai ja, ya murza, ya jera karare ya ɗaure. Ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura yana iya tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke gaɓar da ta mutu ta wannan hanya. Ƙashin da ciwo ya rarake shi ma yana iya karyewa a hannun mai ja: ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mafi muni shi ne taka baya ko danna doro don a miƙar da shi. In tibi ne a wurin, abin da ya rage tsakanin ƙashi da laka ɗan kaɗan ne.

Sakiya kuwa tana da ruɗi, domin da gaske takan kawo sauƙi. Mugunya ta fita, zafi ya sauka, mutum ya yi barci. Amma mataccen ƙashin yana nan, kuma an buɗe wa sababbin ƙwayoyi ƙofa. Aska da ƙahon da aka yi maka aiki da su za su hau jikin wani bayanka, wannan kuma haƙƙi ne da ya kamata mai HIV ya tuna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar nan ta cewa ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Maganar ta tsare Baba a gida wata biyar cur. Ciwon da ke ƙwaurinsa allura da ƙarfen likita kaɗai yake ji.

Ɗan kemis

Nan ne kuɗin mutane suka fi zurarewa ba su sani ba, kaɗan-kaɗan, kullum. Kuma nan ne na fi jin tsoro, fiye da wurin maɗori, saboda abin da ke cikin 'yar ledar haɗin da ake ƙulla wa mai ciwon ƙashi ya yi hannun riga da maganin da yake sha a gida.

Mu buɗe ledar. Akwai dikulofenak ko ibuforofen. TLD na ɗauke da tenofobir, wanda dama ƙoda ce ke ɗaukar nauyinsa. A ɗora masa dikulofenak safe da yamma na watanni, a cikin zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu, ga mai aikin gona da ba ya shan ruwa sosai, ƙoda na iya gazawa. In aka ƙara da allurar jentamaisin, nauyin ya ninku. Akwai deksa ko firedinisolon, masu kashe zafi kamar tsafi, su ƙara danne garkuwar da ake ta lallashi, su ba tibi fili, su kuma kashe kan ƙashin cinya in an daɗe ana sha. Akwai kafso na kwana uku, ga ciwon da ke buƙatar mako shida: an kashe maciji ba a sare kansa ba. Illar ba ta tsaya nan ba, domin ranar da ka isa asibiti aka ɗebi mugunya don a shuka ta a ga ƙwayar da za ta tsiro, sai a ga ba komai, kafson ya dusashe ta. Sifuro, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da danginsa kuwa suna ɗan taɓa tibi, mutum ya ji dama-dama, gano ciwon ya ƙara jinkiri, ƙwayar ta koyi jure magani.

Sai wanda kowa ke ɗauka alheri ne: ƙwayar kalsiyam ta ƙarfin ƙashi, maganin ƙarin jini, da farin ruwan maganin olsa. Waɗannan suna kama dolutegirabir, ɗaya daga magungunan da ke cikin TLD, a cikin hanji su hana shi shiga jini. In likita ya ce lallai a sha su, ƙa'idar ita ce a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Ɗan kemis bai san kana shan TLD ba, to yaya zai gaya maka?

Kemis na da wurinsa: farasitamol na daren da za ka kwana kafin tafiya asibiti, bandeji, da sayen abin da likita ya rubuta. Nan ya tsaya.

Asibitin da kake karɓar magani

Ina nufin janar-janar na manyan garuruwa, irin su Argungu, Yawuri, Zuru, Jega, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara, Anka da Gumi, da ɗakin tibi da ke cikinsu. Fifikonsa guda ne amma babba: a nan ba ka da abin ɓoyewa. Fayil ɗinka na nan, an san layin maganin da kake kai, an san awon jininka na baya. Maganin HIV kyauta ne, awon yawan ƙwayar cuta a jini kyauta, gwajin tibi kyauta, maganin tibi na wata 12 ɗin nan ma kyauta. Abin da za ka biya shi ne hoton ƙashi, wankin ciwo, da maganin kashe ƙwayoyin cuta in ba tibi ba ne. Mai rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA a Kebbi ko ZAMCHEMA a Zamfara, ya nuna katinsa tun a teburin farko.

Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, tana gano tibi cikin kamar awa biyu, ta kuma nuna ko yana jin rifamfisin, babban maganin tibi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba majina kaɗai ake sa mata ba, ana iya gwada mugunya ko ruwan gaɓa. Kuma in majinarka ta fito ba tibi, wannan bai wanke ƙashin bayanka ba. Ga wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa sosai akwai gwajin tibi na fitsari. Wanda bai san ɗakin tibi mafi kusa da shi ba ya kira 3340, layin kyauta ne na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa.

In aka ɗora ka kan maganin tibi, a nan ne za a daidaita shi da TLD. Rifamfisin na sa hanta ta yi saurin ƙone dolutegirabir, saboda haka ake ƙara ƙwaya ɗaya mai miligiram 50, awa 12 bayan TLD, har mako biyu bayan an gama rifamfisin. Masu layi na biyu, wato waɗanda aka canza musu maganin HIV don na farko ya daina yi musu aiki, su kan buƙaci canji na daban. Fitsari zai koma ja-ja kamar manja, ba jini ba ne. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai robar damtse ta sanar, domin rifamfisin na rage ƙarfinsu. Idanu in sun yi rawaya, ko gani ya fara dushewa, a dawo ranar, kada a jira ranar layi. Wanda ya daɗe da barin maganin HIV ya dawo, kumburin na iya ƙaruwa a makonnin farko saboda garkuwa ta farka ta tarar da abokin gaba a gida. A nuna wa likita, kada a ajiye magani.

Inda janar ke gazawa kuma a fili yake. Likitan ƙashi ba ko'ina ba. Shuka mugunya don gano ƙwaya ba ko'ina ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai a kwana goma zuwa 14 na farko, don sai ƙashi ya zaizaye sosai yake fitowa, saboda haka hoto mai kyau a makon farko ba takardar sallama ba ce. Kuma goga auduga a bakin ƙofar ciwo a kai ɗakin gwaji yakan kawo sunan ƙwayoyin da ke zaune a fata, ba na cikin ƙashi ba. In mako biyu ya wuce ba sauyi, ka nemi takardar turawa da bakinka. Ba rashin kunya ba ne.

Babban asibiti mai likitan ƙashi

A Kebbi, asibitin tarayya na Birnin Kebbi da aka daɗe ana kira FMC, wanda yanzu ya koma na koyarwa, da asibitin Sir Yahaya. A Zamfara, FMC Gusau da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura. Gaba da su akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na ƙashi a Wamakko, da Shika a Zariya ga mutanen Gusau da Tsafe, sai uwa-uba Dala a Kano.

Nan ne ake amsa ma'auni na farko da na biyu. Za a zuƙo ruwan gaɓa da sirinji, ko a gutsuro ƙashi a ɗakin tiyata, a raba shi: wani a shuka, wani a kai GeneXpert, wani a duba a madubin likita. Hoton MRI na ganin ciwo tun kafin ƙashi ya zaizaye, kuma shi ne ke nuna ko laka ta matsu. Ka sa a tambaya maka ko na'urar na aiki kafin ka hau mota. In akwai mataccen ƙashi, a cire, a kankare, a wanke.

Baba sai da ya sayar da buhu uku na shanshera, ƙaninsa ya ba da jini, matarsa ta yi kwana 19 tana kwana kan tabarma a baranda. Da ya dawo ya zo mini da 'yar kwalba a aljihun gaba. A cikinta akwai guntun ƙashi fari fat, tsawon ɗan yatsa, gefensa duk ya zaizaye kamar itacen da gara ta ci. Ya girgiza ta a kunnena, ya ce, "Malam, ka ji sanyin fadama." Ƙofar ta rufe cikin wata biyu. Likitansa dai ya gaya masa gaskiya, cewa irin wannan ciwo kan yi kwanton ɓauna ya dawo ko bayan shekaru, don haka duk ranar da wurin ya sake zafi ya komo.

Tsada ita ce babbar illar wannan zaɓi, sai jira, sai hanya. Mutumin Ɗansadau ko Bena ba ya tashi kawai ya ce zai je babban asibiti. Amma akwai abu biyu da ke rage nauyin. Na farko, ba dole ba ne a yi mako shida a kwance ana allura. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan majinyata 1,054, aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa bayan an yi tiyatar da ta kamata, ƙwayoyin haɗiya da aka zaɓa daidai da ƙwayar cutar suna aiki kamar allurar jijiya. Saboda haka kana da damar tambaya, "Likita, yaushe zan iya komawa na baki in ƙarasa a gida?" Shi zai yanke, amma tambayar na iya rage maka makonnin gado. Na biyu, yawancin tibin baya magani kaɗai ke warkar da shi. Tiyata ta waɗanda ƙafafunsu ke ƙara mutuwa ce, ko bayan ya rasa tsayuwa, ko mugunya ta taru da yawa. Da zarar an tabbatar da ciwon, sai a mayar da kai ɗakin tibi na garinku ka ci gaba da karɓa kyauta.

Masu tsoron cewa za a ƙi yi musu aiki saboda HIV su sani dokar hana wariya ta 2014 ta haramta hakan. Likitan tiyata zai duba yawan ƙwayar cuta a jini, CD4, yawan jini da ƙibar jiki, domin su ke nuna yadda rauni zai warke. Ta fannin sirri kuma, abin mamaki, babban asibiti ya fi janar ɗin garinku rufin asiri: a layin ƙashi kowa da sandarsa, ba mai tambayar wani.

Asibitin kuɗi

Sauri kake saya, da ɗaki mai fanka. In likitan ƙashi na gaske ne zai yi aikin, babu laifi ga mai hali. Tambaya uku kafin ka ajiye kuɗi: wa zai yi tiyatar, za a kai abin da aka ciro gwajin tibi, kuma sun san yadda ake haɗa magani da TLD? In tibi ne, kada ka sayi maganinsa, yana nan kyauta.

| Wuri | Gano ciwo | Fitar da ruɓa | Kuɗi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Maɗori da wanzami | Babu | Sakiya, ta sama kawai | Kaɗan, ana bashi | Ciwo na dawowa | Mutuwar gaɓa, shanyewar ƙafafu |
| Kemis | Babu | Babu | Kaɗan kullum, mai yawa a jimla | Kwanaki | Ƙoda, ɓoye tibi, raunana TLD |
| Janar da ɗakin tibi | Tibi da awon garkuwa | Ƙananan ayyuka | Rabi kyauta | Mai kyau ga tibi da sabon ciwo | Jinkirin turawa gaba |
| Babban asibiti | Cikakke | Cikakke | Mai nauyi | Mafi kyau | Jira, hanya, katsewar kuɗi a tsakiya |
| Asibitin kuɗi | Ya danganta da likita | Ya danganta da likita | Mafi tsada | Ya danganta | Tiyata ba tare da gwajin tibi ba |

Wa ya dace da ina?

Gwiwa ko wata gaɓa ta kumbura jiya ko shekaranjiya, ga zafi ga zazzaɓi, ba ta lanƙwasuwa: yau ɗin nan, asibiti mafi kusa da ke da likita da ɗakin tiyata, ko da dare ne. In hali ya yi, kada ka sha kafso a hanya, a bari a zuƙi ruwan tukuna.

Ciwon baya da ƙafafu suka fara nauyi, ko fitsari ya fara kuɓucewa ko ya ƙi fita: babban asibiti kai tsaye, a kwance a mota, ba a bayan babur ba. Ƙafar da aka kai da sauran motsi ta fi saurin dawowa.

Ciwon baya ko ƙugu na watanni, da rama da gumin dare, amma ƙafafu lafiya: fara da inda kake karɓar magani, ka ce a duba tibi, a yi hoton baya, a auna jini. Nan ne mafi arha, kuma wataƙila a nan za ka ƙare.

Ƙofa mai tsiyaya wata da watanni, ko tsohon harbi, ko ƙarfe a cikin ƙashi: aikin likitan ƙashi ne, amma ba na gudu ba. Kana da makonnin da za ka tara kuɗi, ka nemi mai ba da jini, ka gyara shan TLD, ka ci abinci. Ka karɓi takardar turawa daga janar, ka daina kafso sai abin da likita ya ce.

Ciwon ƙugu da ke sauka matsematsi, ba zazzaɓi, ba rama, musamman ga mai sikila ko wanda ya daɗe yana shan deksa: hoto kake buƙata kafin kowane magani. Ka gaya wa likita yawan deksan da kake sha, kada ka yanke shi dare ɗaya da kanka.

Wanda ya bar maganin HIV watanni, yana jin nauyin komawa: kai ne ka fi kowa buƙatar janar, kuma ba kai ne na farko da ya ɓace ya dawo ba. Za a auna CD4, a nemi tibi, a mayar da kai kan Septrin, maganin kariya ga mai raunin garkuwa, in ya kama, sannan a san inda za a tura ƙafar.

Wanda kuma iyalinsa ba su san yana shan magani ba, kuma su ne za su yi jinyarsa: kafin a kwantar da kai ka keɓe da likita ko nas ɗin ɗakin, ka gaya musu wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka tafi da kwalbar TLD ɗinka da katinka, da duk ledojin kemis da ka sha, har waɗanda babu komai a cikinsu, ka zube su a teburin likita ranar farko.